Me ya sa ƙwararren ma'aikaci ke ganin kansa sojan gona?

Mutum ya yi karatu, ya ci jarrabawa, an ɗauke shi aiki, na gaba da shi suna yaba masa, amma kullum yana shiga buro da fargabar cewa yau asirinsa zai tonu, a gane bai san komai ba. Me ke kawo wannan? Maganar ta yawaita a ƴan shekarun nan a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp na matasan ma'aikata, kuma fahimta ta kasu. Wasu sun ce cutar Turawa ce aka kwaso daga intanet. Wasu sun ce tawali'u ne, abin so. Wasu sun ce waswasi ne, mutum ya riƙe addu'a ya wuce wurin. Akwai ma masu cewa duk wanda ya ji haka, to zuciyarsa ce ke faɗa masa gaskiya. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɓarna, domin da ma abin da mai matsalar yake tsoron ji ke nan.

Sojan gona na gaske kowa ya san shi: wanda ya sayi kwali, ko ya sa farar riga yana yi wa mutane allura alhali bai taɓa taka makarantar lafiya ba. Shi ya san ƙarya yake yi. Wanda muke magana a kansa takardunsa na gaskiya ne, aikinsa yana fita da kyau, shi kaɗai ne bai yarda ba.

Daga ina maganar ta fito

A 1978 wasu masanan halayyar ɗan'adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes na Jami'ar Jihar Jojiya da ke Atlanta a Amurka, suka wallafa abin da suka gani cikin shekara biyar suna aiki da mata fiye da 150 da suka yi fice, daga malaman jami'a zuwa ɗaliban manyan digiri. Mata ne masu kwalaye da lambobin yabo, amma a cikinsu har da masu ganin kuskure aka yi wajen ɗaukarsu karatu. Daga baya bincike ya nuna maza ma suna fama da shi.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Mutum yana ganin jama'a sun ɗauke shi fiye da yadda yake. Duk nasarar da ya samu sai ya jingina ta ga wani abu na waje, sa'a ko taimako ko sakacin masu dubawa. Sannan yana zaune cikin ɗari-ɗari, yana jiran ranar tonon silili. A 1985 Clance ta fitar da ma'auni mai tambayoyi 20, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 5. Wanda jimillarsa ba ta wuce 40 ba abin kaɗan ne a tare da shi, 41 zuwa 60 matsakaici ne, 61 zuwa 80 yana yawan zuwa masa, sama da 80 kuwa ya yi tsanani.

Ba cuta ba ce da likitoci suka yi wa rajista. Babu ta a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Alƙaluman da ke yawo kuma a yi hattara da su. Ana yawan cewa kashi 70 cikin 100 na mutane suna da shi, amma bitar da Dena Bravata da abokan aikinta suka wallafa a 2020, wadda ta tattara bincike 62 na mutane fiye da 14,000, ta samu adadin yana kaiwa da komowa daga kashi 9 har zuwa 82, gwargwadon ma'aunin da aka yi aiki da shi da inda aka ja layi. Mafi yawan binciken a Amurka da Kanada aka yi su, don haka ba a ɗauko adadi ɗaya a ɗora wa ma'aikatan Maraɗi.

Yadda tarkon yake juyawa

A ɗauki akanta a wata ƙungiyar agaji a nan Maraɗi. An ce rahoton kuɗi na wata uku ya isa Yamai ranar Juma'a. Tun ranar Litinin gabansa ke faɗuwa. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai ya duƙufa fiye da kima, ya zauna buro har bayan isha'i, ya bi kowane rasit sau uku, ya tafi da kwamfuta gida, wuta ta ɗauke ya ci gaba da fitilar waya. Ko kuma ya yi ta jan ƙafa, ya buɗe takardar ya rufe, sai daren Alhamis ya afka mata a ƙurarren lokaci. Rahoton ya tafi, Yamai ta amsa cewa aiki ya yi kyau. Ya yi ajiyar zuciya, kwana ɗaya ko biyu.

Sai fassara ta biyo baya, kuma a nan gizo ke saƙar. Idan ta hanyar farko ya bi, zai ce wa kansa, "Ai don na kwana a kai ne, da gwani ne da awa biyu ta ishe shi." Idan ta biyu ce, "Sa'a na taka, ba su duba da kyau ba." Ko ta ina, nasarar ba ta shiga lissafin iyawarsa. Wata uku na cika fargabar ta dawo, har ta fi ta da, domin yanzu an saba ganin aikinsa mai kyau kuma yana jin dole ya sake "rufe musu ido".

Mutumin Maraɗi zai gane wannan da sauri. Kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta kowace asara a littafi da sunansa, riba kuwa ya ce ba tasa ba ce, kada a rubuta. Ko shagonsa ya cika ya batse, littafin zai nuna masa ya karye. Shi ya sa ƙarin girma ko sabon kwali ba sa warkar da abin. Matsalar a wajen rubutun take.

Abin da ke ƙara masa ƙarfi a wajenmu

Da yawa daga cikin masu fita daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko makarantun lafiya da na horar da malamai su ne na farko a gidansu da suka kai nan. Yaron da ya taso a wani ƙauyen Mayahi ko Dakwaro, mahaifinsa manomi, babu wanda zai tambaya a gida yadda ake rubuta wa darakta wasiƙa, ko yadda ake neman magana a taro, ko ma'anar shirun shugaba bayan an miƙa masa aiki. Abokin aikinsa da ya tashi a gidan ma'aikaci ya sha waɗannan tun yana yaro. Sai na farkon ya ɗauka bambancin na basira ne, alhali na sabo ne. Ga kuma nauyi: dangi duka sun zuba masa ido, Inna tana cewa "ɗana likita ne" ko da ma'aikacin jinya ne. Wa zai je ya ce wa yana jin bai iya ba?

Harshe ma babban abu ne. Kundin sake gina ƙasa na Nijar na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, amma rahoto da taro da jarrabawar ɗaukar aiki har yanzu galibi da Faransanci ake yin su. Malamin gona da zai tsaya a Jiratawa ya yi wa manoma bayanin ciwon shuka da Hausa har su gamsu, shi ne za a gani ya yi gum a taron bita don tsoron kada ya karya nahawu. Mun daɗe muna auna ilimin mutum da santsin Faransancinsa, kuma wannan ma'auni ne marar adalci. Santsin harshe daban, sanin aiki daban.

Sai zancen hanya. Da an ji wani ya samu aiki, tambayar farko a majalisa ita ce, "Wa ya tsaya masa?" Ba a musun cewa akwai masu shiga da uwa a gindin murhu. Amma zargin ya game kowa, har wanda ya ci jarrabawa da guminsa ya fara shakkar kansa, musamman idan wani malaminsa ne ya sanar da shi cewa ana ɗaukar ma'aikata, ko ya rubuta masa takardar shaida. Sanar da mutum gurbi ba shi ne zana masa jarrabawa ba. Ga mace abin ya fi ciwo, domin zargin da ake jifanta da shi ya fi muni, kuma sau da yawa ita kaɗai ce mace a teburin taro.

Akwai kuma yadda ake jefa sababbi cikin aiki. Malamin kwantiragi ko mai sarbis sibik (hidimar ƙasa) a kai shi wuri, a nuna masa aji ko tebur, babu takardar da ta fayyace aikinsa, babu mai bi masa sawu. Wanda ba a gaya masa abin da ake jira daga gare shi ba, da me zai auna kansa?

Tawali'u ne?

An tarbiyyantar da mu a kan kunya da cewa yabon kai jahilci, ga tsoron baki da hassada. Don haka in an yaba wa mutum, amsar da ta dace ita ce ya kauce. Babu laifi a wannan ladabi matuƙar a baki ya tsaya. Mai tawali'u ya san ya iya, yana mayar da godiya ga Allah, kuma hankalinsa kwance yake. Mai tunanin sojan gona bai yarda an ba shi komai ba, kuma a tsorace yake kwana. Natsuwar nan ita ce ke raba su.

Addini bai hana mutum sanin iyawarsa ba. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ce shi mai tsarewa ne, masani. A Sahihu Muslim, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya yi aikin alheri mutane suka yaba masa, ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. A ɗaya ɓangaren kuma, Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya shahara da cewa "ban sani ba" idan an yi masa tambayar da bai tabbatar ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Addu'a tana da muhallinta babba, sai dai a haɗa ta da gyaran lissafi.

Inda masana suka saɓa

Ba kowa ya yarda cewa matsalar a cikin kan ma'aikaci take ba. A 2021 Ruchika Tulshyan da Jodi-Ann Burey sun rubuta a mujallar Harvard Business Review cewa a daina gaya wa mata suna da wannan matsala, domin sau da yawa wurin aikin ne ke da laifi: ana katse su a taro, ana tsallake su wajen ƙarin girma, sannan a ce su je su gyara tunaninsu. Suna da gaskiya babba. Ma'aikacin da shugabansa ke tozartawa a gaban jama'a ba ruɗu yake yi ba.

Basima Tewfik ta jami'ar MIT da ke Amurka kuma ta wallafa bincike a 2022 da ya nuna cewa masu koyon aikin likita da ke da irin wannan tunani sun fi sauraron marar lafiya da yi masa tambayoyi, kuma ba su gaza sauran ba wajen gano cuta. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa abin alheri ne. Wannan wuce gona da iri ne. Bitar 2020 ta nuna yana tafiya tare da damuwa, da baƙin ciki mai tsanani, da ƙosawa da aiki. Ana iya koyon sauraro ba tare da an rasa barci ba.

Ba mai shi kaɗai yake cutarwa ba

A hango wata sabuwar ma'aikaciyar jinya a CSI, wato cibiyar lafiya ta ƙauye, tsakiyar damina, an kawo yaro da masassarar cizon sauro mai tsanani. Allurar artesunate da nauyi ake auna ta: miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, 2.4 ga wanda ya kai. Ta ɗan rikice a kan wanne ne na wa. Majo, shugaban cibiyar, yana ɗaki na gaba. Tambayar ba za ta ci minti ɗaya ba, amma a zuciyarta wannan tambaya ita ce za ta fallasa ta. Idan tsoro ya yi rinjaye, yaron ne zai ɗauki sakamakon.

Haka abin yake a ko'ina. Malamin da ba ya iya ce wa ɗalibi "bari in bincika" zai ba shi amsar kame-kame. Wanda ya cancanci muƙami ya ƙi miƙa takardunsa, sai mai ƙarfin hali marar sani ya haye kujerar, jama'a su sha wahalarsa shekaru. Wanda kuma aka ɗora a shugabanci yana wannan tunani ba ya sakin aiki ga na ƙasa da shi, komai sai ya bi ta hannunsa, takardun mutane su yi ta kwana a tebur.

Abin yi, daki-daki

Farkon aiki shi ne rarrabewa, domin abubuwa uku ne ke fitowa da kama ɗaya. Akwai giɓin sani na gaske, akwai wurin aiki marar kyau, akwai kuma karkataccen lissafi. Hanyar gane na farko mai sauƙi ce: giɓi na gaske yana da suna. "Ban iya haɗa jadawali a Excel ba." "Ban san yadda ake cike takardar tura marar lafiya babban asibiti ba." Wannan ana rubuta shi, a sa masa lokaci, a nemi wanda ya iya ya nuna. "Ban san komai ba" kuwa ba shi da suna, ba a iya koyonsa, kuma kusan kullum alamar na uku ce. Idan kuma fargabar ba ta tashi sai a gaban mutum ɗaya, abokan aiki ma suna kuka da shi, to na biyu ne, maganinsa neman umarni a rubuce, ajiye shaidar aiki, da neman canjin wuri in ta kama.

Ga na uku, a sayi ƙaramin littafi. Sau ɗaya a mako, minti 15, a ja layi uku: aikin da aka gama, abin da ka yi da hannunka ko shawarar da ka yanke, da abin da ya zo daga waje. Kada a ɓoye taimako ko sa'a, a rubuta su a layinsu. Sharaɗi ɗaya ne: layin tsakiya ba ya zama fanko, kuma da aikatau ake cike shi. "Na gano rasit biyu da aka biya sau biyu" ya shiga; "na yi ƙoƙari" bai shiga ba. Mutane suna faɗuwa a nan ta hanya biyu. Wasu sai ranar da suke cikin nishaɗi suke rubutawa, wasu kuma su mayar da littafin kundin laifuffukansu. A ba shi kamar mako takwas kafin a koma a karanta daga farko, domin shafi ɗaya ba ya karya tunanin shekaru.

A haɗa da gwaji. Kafin miƙa aiki, rubuta abin da kake tsoron zai faru, ka sa masa kashi: "Za a dawo mini da shi, kashi 80." Bayan amsa ta zo, rubuta abin da ya faru a gefensa. Masu maganin damuwa ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a suna amfani da wannan dabara, saboda zuciya tana saurin manta hasashenta da bai tabbata ba. Sannan a rage wuce kima da gangan: aikin da ake bi sau uku a bi shi sau biyu, a tsayar da lokacin tashi tun kafin a fara. In ba a taɓa ragewa ba, ba za a taɓa sanin ko kwanan zaunen ne ke ceton aikin ko iyawa ba. Amma a fara da abin da kuskurensa ke gyaruwa, kamar wasiƙa ko bayanin taro. Awon magani da fitar da kuɗi ba wurin gwaji ba ne.

Yadda ake tambaya ma sai an koya. "Na yi daidai?" amsarta a wajenmu "ba laifi" ce, kuma mai shakka zai fassara ta yadda ya ga dama. A ce, "Shef, wane abu ɗaya zan gyara a rahoton nan, wanne kuma zan ci gaba da shi?" Ko, "Majo, yaron kilo 14 ne, na lissafa miligiram 42, don Allah duba mini." Mai irin wannan tambaya ya nuna ya yi nasa, kuma babu shugaba mai hankali da zai raina shi. In an yaba, "Na gode, alhamdu lillahi" ta wadatar. Kada a ƙara da "ai ba wani abu na yi ba".

A samu mutum ɗaya da za a faɗa wa, wanda ya san aikin kuma ba shi ke ba da makin ƙarshen shekara ba. Tsohon malami ko wanda ya riga ka da ƴan shekaru ya fi dacewa. Dangi za su ce "kai da ka fi kowa", kuma wannan ba ya shiga, don mai matsalar ya san ba su san aikin ba. A guji mayar da abokin mazubin neman tabbaci kullum, saboda sauƙin da ake samu ba ya daɗewa, buƙatar kuma sai ƙaruwa.

Shugabanni suna da kaso mai yawa. A ba sabon ma'aikaci aikinsa a rubuce tun makon farko, a haɗa shi da wanda zai riƙa tambaya. Gyara a keɓe, yabo kuma ya ambaci abin da aka yi, domin "aikinka na kyau" yana zamewa, "yadda ka ware kuɗin man mota ya sauƙaƙa mana bincike" yana zama. Darakta ko majo da zai iya cewa "wannan ban san shi ba, mu duba" a gaban yaransa ya buɗe musu ƙofar tambaya.

Yaushe ya wuce na littafi

Idan barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai, abin da ake jin daɗinsa a da ya daina daɗi, ko bugun zuciya da ƙuncin numfashi suna zuwa duk lokacin da aka doshi wurin aiki, kuma hakan ya kai mako biyu kusan kullum, to a ga likita a asibitin jiha ko asibitin da ya fi kusa, a nemi a haɗa mutum da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Damuwa da baƙin ciki mai tsanani cututtuka ne sanannu kuma suna da magani. Kada a sayi ƙwayar barci ko tramol a bakin titi don a iya jure aiki. Wanda ya fara tunanin cutar da kansa ya gaya wa wani na kusa, a raka shi asibiti a ranar.